Hannun Atiyat, Fuskar Madam Gulnar

Na dawo Alƙahira daga Mosko a ƙarshen shekarar 1979, bayan shekara bakwai ina koyon aikin haɗa fim, na kuma dawo da ra'ayin da nake ganin babu mai kayar da shi: tsofaffin finafinanmu na soyayya ƙarya ce tsagwaronta. Labarin ba ya canzawa. Ga 'yar talaka, ga ɗan Basha, babban mai kuɗi da sarauta. Su yi kiciɓis a kan matattakala, uban ya doka sanda a ƙasa, yarinyar ta yi tari a cikin hankici, a yi waƙa, a yi kuka, a kunna fitila kowa ya kama hanyar gida. Na sha faɗa a gaban mutane cewa masu shirya finafinan nan ba su taɓa cire takalmi a ƙofar ɗakin talaka ba.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakat, shi kuwa ban faɗa wa kowa ba. Fuskar 'yar talakan fim ƙarya ce, wannan babu musu: gira a zane, gashi a gyare, wai a ɗakin wanki ta kwana. Amma duk lokacin da kyamara ta bar fuskar ta sauko kan hannu, sai abin ya koma gaskiya. Hannun ya san yadda ake matse zani. Ya san tsince tsakuwa a shinkafa, ya san juya gurasa a bakin tanda ya janye kafin wuta ta lashe shi. Na rasa yadda mutanen da suka jahilci talaka daga wuya zuwa sama suka san shi haka daga wuyan hannu zuwa ƙasa.

Lokacin ina zaune wurin gwaggona Ni'imat a Shubra, a hawa na biyu na wani tsohon gida mai hawa uku. Kullum bayan la'asar talabijin kan sa ɗaya daga cikin finafinan, kullum kuma matar mai gidan, Sitti Atiyat, takan sauko da tirenta ta zauna kallo, wai akwatinta na sama yana sa 'yan wasa su yi ƙiba. Gajeruwar mace ce da ta doshi hamsin, mai saurin magana, ba ka ganin hannunta a zaune: in ba ɓarar tafarnuwa ba, to tsinkar ganye.

Ran nan ana nuna wani fim na Madam Gulnar, wadda a zamaninta ta sa rabin matan Masar kuka. Ina tsaye a bayansu ina gunaguni, sai kyamara ta sauko kan kwanon kwaɓin fulawa.

"Ga ni nan," in ji Sitti Atiyat, ba ta ko ɗaga kai daga tirenta ba.

"Ina?" na ce.

"A gabanka mana, Dakta. Shekara bakwai kana karatun fim, ba ka gane hannun da ke miƙa maka shayi ba? Ni'imat, a mayar wa Rashawan nan takardarsu."

Na ce ni ba dakta ba ne. Ta ce duk wanda ya hau jirgin sama ya dawo da gemu dakta ne. Sannan ta kanga babban yatsanta na hagu a jikin gilashin talabijin. Akwai wani tabon ƙuna mai kamar jinjirin wata a gindinsa, ga kuma ɗan'uwansa can a cikin kwano yana murza fulawa.

Daga ranar na daina gunaguni na jawo kujera. Abin da zan faɗa na tattara shi ne a zaman la'asar da dama, rabi daga bakinta, sauran daga bakin mijinta, Mansi Efendi, tsohon akawun ofishin jirgin ƙasa, wanda kan biyo ta da jaridarsa ya zauna a baranda yana gyara mata kwanan wata.

An haife ta a Bulaƙ, a wani ɗaki na saman soro, hawa shida daga titi. Mahaifinta, Baba Gabir, dafaffen wake yake sayarwa a kura da safe. Tana da wata inna mai wanki da guga a wani gidan shirya fim can Giza, ita kuma takan kai mata abincin rana. Wata rana, tana da shekara goma sha takwas, ta tarar an tsayar da aiki cak. Madam Gulnar ce a gaban bahon wanki, an ce ta matse riga, ta riƙe ta da yatsu biyu kamar wadda ta tsinci mataccen ɓera. Darakta, Ustaz Adli, wani dogo mai ihu da yare uku, yana cizon hularsa.

"Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba," in ji ta. "Ya juyo ya ce, 'Ke! Kin iya ne kike dariya?' Na ce, 'Ranka ya daɗe, tun kafin in iya magana.' Ya ce a sa mini hannun rigar Madam."

Hannun riga kawai ake sa mata, daga gwiwar hannu zuwa ƙasa, a ɗaure da zare a baya. A matso da kyamara, ta yi wanki, ko ta yi kwaɓi, ko ta hura gawayi. In an haɗa fim, sai ka ga fuskar Madam tana hawaye, ka ga hannun Atiyat yana aiki, ka rantse mutum ɗaya ne. Cikin shekara guda sauran masu shirya fim suka ji labari. Ta yi wa 'yan wasa tara hannu. Sunanta bai taɓa fitowa a rubuce ba, fuskarta ma haka, kuma abin da take so ke nan, domin tana da dalili.

Dalilin shi ne Mansi Efendi, ko in ce mahaifiyarsa.

Mansi ya shekara biyu yana karyawa a kurar Baba Gabir, alhali wake ba ya shiri da cikinsa. "Shekara biyu da wata huɗu," ya gyara daga baranda. Mahaifiyarsa, Hajiya Zannuba, ita ce mai wannan gida da muke ciki, ga kuma shagon kayan ƙamshi a ƙasa. Ba Basha ba ce, ko kusa. Amma tsakanin mai gida hawa uku da mai haya a saman soro akwai tazarar da ta fi ta fim nisa, domin su suna haɗuwa a kasuwa kullum. Da Mansi ya furta sunan 'yar mai wake, Hajiya ta kwanta ciwo. Shi kuma, karo ɗaya tak a rayuwarsa, ya kafe: ya ƙaurace wa abincin gida kwana tara.

"Yana ƙaurace wa na gida, yana cin ninki biyu a kurar Baba," in ji Sitti Atiyat. "Ya rame a ido, ya yi tumbi a ƙasa."

Hajiya ta sakko, amma rabi. Ta yarda aka karanta Fatiha aka sa zoben baiko. Ranar aure kuwa ta ƙi tsayarwa. Yau ana makokin wani ɗan kawunta da ba wanda ya taɓa jin sunansa, gobe kafinta bai gama gado ba, jibi fentin ɗaki bai bushe ba. Aka shekara uku fenti bai bushe ba. Kowa a unguwa ya san abin da take jira: aibu guda ɗaya da za ta riƙe ta ce a dawo da zobe. Ta ma faɗa a bainar mata cewa iri uku ba za su taka matattakalarta ba: mai rawa, mai mayar da magana, da wadda ta taɓa shiga harkar silima, gidan shaiɗan. Don haka a wurin Hajiya, Atiyat ɗinki take koya a Giza. Mansi ya san gaskiya, ya kuma ja bakinsa, wanda dama shi ne abin da ya fi ƙwarewa a kai.

Kowace Juma'a Atiyat kan zo gidan surukarta a gwada ta. A nan Hajiya ta koya mata naɗin ganyen inabi irin na danginsu na Dumyat: a zuba shinkafa kaɗan, a murza da tafin hannu ɗaya kawai, a cusa bakin biyu da ƙaramin yatsa, ya fito siriri kamar fensir. Hajiya tana alfahari cewa gida uku ne kacal a duniya suka iya shi. Ta koya mata ne don ta kasa. Atiyat ta iya a zama na biyu, Hajiya ta ce gishiri ya yi yawa.

Na tambayi Sitti Atiyat yadda take yi da zoben a wurin aiki, tunda 'yan matan fim ba su da baiko sai a ƙarshe. Ai sai ta ajiye wuƙa.

"Yadda nake yi? Kana nufin in cire? Ni'imat, ɗan nan naku ya zama Barashe. An taɓa cire zoben baiko? Tun ran da aka sa shi a dama, ba ya barin yatsa sai ranar aure, ranar ma ba cirewa ake ba, haɗa kan yatsu ake a zame shi zuwa hagu. In ya ga iska ko na ƙiftawar ido, auren ya tafi. 'Yar maƙwabtanmu ta cire nata don ta wanke kifi, kafin Juma'a saurayin ya shiga jirgin ruwa. Har yau ana jiransa."

Wannan zobe shi ne rigimarta da Ustaz Adli tun ranar farko. Ya lallashe ta, ya yi mata ihu, ya kore ta sau biyu ya aika aka dawo da ita. A ƙarshe suka saba. In wanki ne, kumfa ta rufe shi. In kwaɓi ne, ta shafa masa fulawa. In aikin ba shi da abin rufi, sai mai kwalliyar gidan ya naɗa mata tsumma a yatsan, kamar wadda ta yanke da wuƙa, har masu sharhi a jarida suka yaba wa Ustaz Adli da lura da wahalar talaka.

Sai aka zo wani fim a shekara ta uku da baikonta. Madam Gulnar ta fito a matsayin marainiya mai taya kuku aiki a gidan Basha, ba ta da kowa a duniya, ɗan Basha ya kamu da sonta. Akwai wurin da ya leƙo madafa ya same ta tana naɗin ganyen inabi, ya tsaya yana kallon hannunta, a nan zuciyarsa ta faɗi. Ustaz Adli ya ce yana son hannun ya cika allo, a daɗe a kansa. Atiyat ta zauna da tsummanta ta shiga naɗi irin na Dumyat, don shi ne hannunta ya fi sabawa da shi. Ganyen da laima, tsumman ya jiƙe, ya zame ya faɗa cikin kwano. Zoben ya fito fili, fitila ta doke shi.

Mutum goma sha ɗaya ne a wurin, duk maza. Wanda ya haɗa fim namiji. Waɗanda suka duba shi kafin a sake shi maza. An kalle shi sau ashirin a gidan, babu wanda ya ga komai sai kyawun aikin kyamara.

Aka saki fim ranar Litinin. Ran Talata, a kallon ƙarfe uku na rana, wanda mata suka fi cikawa, hannun ya bayyana a allo, faɗinsa ya kai ƙofar masallaci. Ba a yi daƙiƙa biyu ba wata ta miƙe a kujerun gaba ta kurma ihu: "Zobe! Jama'a, a dama! Tana da mai ita!"

Silima ta hargitse. Fim ɗin da aka shirya don a tausaya wa marainiya ya koma shari'a. Wasu suka ce munafuka ce, ta ajiye wani bawan Allah a ƙauye tana yaudarar ɗan masu kuɗi. Wasu suka ce ai shi ya sa take gudunsa, 'yar halak ce mai riƙon alkawari, shi ne maras kunya da ya ga zobe da idonsa bai ja da baya ba. Da aka kai ƙarshe, inda ta bar gidan Basha ba sallama, rabin silima na kuka, rabi na cewa Allah ya ƙara, ta koma wurin mijinta. Kafin mako ya zagayo ana musun a gidan burodi da cikin motar haya. Mata na komawa kallo na biyu da na uku don su gano ko wane ne saurayin. Da yawa suka tsaya a kan direban Basha, wani bawan Allah da ya fito sau ɗaya ya buɗe ƙofar mota. An ce har jifansa aka yi da ɓawon lemo a titi, wai ya bar matarsa tana wahala.

Ustaz Adli bai ga abin dariya ba. Shekara biyu yana rubuta marainiyarsa. Ya aika wa Atiyat cewa kada ƙafarta ta sake taka Giza.

"Wannan bai dame ni ba," in ji ta. "Zobe zobe ne, duk iri ɗaya maƙera ke yi. Wa zai ce nawa ne? Hajiya kuwa ba ta shiga gidan shaiɗan. Na kwanta na yi barcina."

Abin da ba ta sani ba, abin da Mansi ma bai sani ba, shi ne Hajiya Zannuba tana da likitan gwiwa a Abbasiya da take gani kowace Talata da ƙarfe uku. Shekara goma sha biyu tana zuwa, gwiwar ba ta warke ba, kuma kullum takan dawo ido jawur ta ce allurar da zafi.

A mako na uku, ranar Laraba da hantsi, Atiyat tana shanya a saman soro ta ji numfashi yana hawowa. Hajiya ce, da baƙin mayafinta, ta hau hawa shida da gwiwar da ba ta hawa biyu. Ta zauna a kan kifaffen baho, ta daɗe tana haki, sannan ta ce, "Miƙo hannunki."

Atiyat ta miƙa.

"Na hagun. Yawwa, ga tabon. To, 'yar mai wake, gida huɗu ne a duniya suka iya wannan naɗi. Ɗaya ta rasu, ɗaya ta makance, ɗaya ni ce. Ko dai ni ce na shiga fim ban sani ba, ko kuwa ke ce. Wanne ne?"

"Ni ce, Hajiya."

"Ɗinki a Giza!"

"Akwai keken ɗinki a wurin, Hajiya."

"Rufe mini baki. Sirrin kakata, kin baje shi a bango, kowace ballagaza ta biya kuɗin ƙofa ta koya. Jiya a gefena wata tana gwadawa da takardar gyaɗa!"

Na ce da Sitti Atiyat, ai nan ta samu Hajiya a hannu, tunda ta faɗi da bakinta inda take jiya. Ta dube ni da tausayi.

"Kai dai ba za ka yi aure ba, Dakta. Tambayar tana nan a kan harshena, na haɗiye ta har ta ƙona mini maƙogwaro. Ta ce ba ta son mai mayar da magana. In na tambaya, na cika biyu cikin uku."

Hajiya ta samu abin da ta shekara uku tana nema, amma ita mace ce mai son a yi abu da shaida, kada a ce ta zalunci 'yar talaka. Ta ce Atiyat ta ɗauko mayafi, za su je Giza ta ji daga bakin shugaban shaiɗanun irin zaman da matar ɗanta ke yi a cikin maza, daga nan a wuce wurin Baba Gabir a mayar da zobe. Suka bi ta ofis suka ɗauki Mansi. Ya zauna a tsakaninsu a mota, bai ce uffan ba har suka haye kogi.

"Na ce, 'Yau akwai zafi,'" ya gyara daga baranda.

Suka tarar da Ustaz Adli yana faɗa da masu fitila. Yana ganin Atiyat ya jefar da takardun hannunsa.

"Ke! Ban ce kada in sake ganinki ba? Wace ce wannan, uwarki? Madalla! Hajiya, zauna ki ji abin da 'yarki ta yi mini."

Hajiya ba ta gyara masa ba. Aka kawo kujera ta zauna, ta ɗora hannu biyu a kan jaka.

"Shekara uku, Hajiya! Shekara uku ina roƙon yarinyar nan ta cire ɗan ƙarfen nan na minti ɗaya. Minti ɗaya! Na ce zan riƙe mata a aljihuna, ta ƙi. Na ce ta sa a bakinta, ta ƙi. Na ce zan sa sunanta a rubuce a farkon fim, abin da wasu ke kuka a ƙofata saboda shi, ta ce a kai kasuwa. Madam Gulnar da kanta ta ciro zobenta mai dutse ta ce su yi musaya na rabin sa'a, yarinyar nan ta dubi Madam Gulnar ta ce nata ya fi tsada!"

"Haka ta ce?" in ji Hajiya, wadda ita ta sayi zoben, kuma ta san mafi araha ta zaɓa a shagon.

"Haka ta ce! Kuma duk saboda wa? Wani akawu da ko ranar aure ya kasa tsayarwa! Na ce mata, yarinya, mutumin nan ba aurenki zai yi ba, uwarsa ce ke juya shi kamar cokali a shayi. Kin san amsar da ta ba ni? Wai kada in sake sa surukarta a bakina, mace ce mai daraja, gwiwa ce ke damunta."

Mansi ya dubi silin. Atiyat ta dubi ƙasa.

"To zamanta a cikin maza fa?" in ji Hajiya.

"Wane zama? Tana zuwa ta wuce ɗakin wanki wurin innarta, sai an kira ta. Ta gama ta wanke hannu ta tafi. Mai kyamarata ya shekara uku yana ɗaukarta, ran nan ya gan ta a bakin ƙofa ya tambaye ta wa take nema. Dutse ce, Hajiya, ba mutum ba. Ta kashe mini fim. Kin gan shi kuwa?"

"Sau uku," in ji Hajiya. Sai ta gyara mayafi. "Aka ba ni labari."

Ta miƙe. Ta ce da Ustaz Adli fim ɗinsa ba shi da laifi, illa dai babu gidan Bashan da ake naɗa ganyen inabi a kwanon wanke-wanke, kuma direban nan bai dace da yarinyar ba. Sannan ta fita, su biyun suka bi ta a baya kamar masu rakiyar gawa.

Suka kama hanya a mota har suka kusa Bulaƙ, inda za a sauka a mayar da zobe. Mai mota ya rage gudu. Hajiya ta ce ya wuce.

"Kai, cokali," ta ce da ɗanta. "Fentin nan ya bushe. Alhamis ta sama."

Aka yi biki a saman wannan gida. Da aka zo mayar da zobe hagu, Hajiya ta ture Mansi gefe, wai zai yar, ta haɗa yatsun amarya da kanta ta zame shi a hankali, tana harare-harare ko wani zai yi magana. Ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, har ta koma ga Allah. Abin da ta riƙa faɗa wa mata shi ne, baikon da aka shaida daga Iskandariya har Aswan ba a warware shi a saman soro.

Bayan wata uku Ustaz Adli ya aiko, domin fim ɗin ya yi mako goma sha huɗu ana cika silima, kuma sabuwar yarinyar da ya ɗauka ta ƙona masa gurasa da labule. Hajiya ta yarda da sharaɗin za ta riƙa raka surukarta, don tsare mutuncin gida. Ta yi shekara shida tana zama a bayan kyamara da jakarta a cinya, tana gaya wa darakta cewa ba haka ake riƙe tsintsiya ba. Likitan Abbasiya bai sake ganinta ba. Sai dai tunda zobe ya koma hagu, kuma Hajiya ta hana a rufe shi ko da kumfa, Atiyat ta tashi daga hannun 'yan mata ta koma hannun iyaye.

"Ina da shekara ashirin da biyu na haifi Madam Gulnar," in ji ta. "Ta girme ni da sha biyar. Sau huɗu ina shafa mata kai tana mutuwa."

Ta ci gaba da aikin har finafinai masu launi suka yi yawa, 'yan wasa kuma suka daina wanki a fim, suka koma amsa waya. Ta ce wannan ko Madam za ta iya da kanta.

Daga baya na nemo fim ɗin a ma'ajiyar tsofaffin finafinai inda na samu aiki, na sa shi a injin haɗawa na bi wurin hoto bayan hoto. Tsumman bai zame haka kawai ba. Kafin ya faɗi, babban yatsa ya lallaɓo ta ƙasa ya taɓa shi sau biyu. Da la'asar na sami Sitti Atiyat tana ɓarar wake, Mansi Efendi yana baranda, na rage murya na tambaye ta ko da gangan ta ture shi, alhali ta san abin da zai iya jawo mata.

Ita ba ta rage tata muryar ba.

"Ni na san Hajiya na zuwa silima? Da na sani da na naɗe hannun har kafaɗa. Wancan nake nufi, mai jaridar. Duk Alhamis yana kujera ta bakwai yana sharar hawaye saboda 'yar mutane ta rasa mai aurenta. Na ce bari in nuna masa zobensa da girman tayar mota, ko ya tuna ya bar wata a saman soro."